Djaïli Amadou Amal: hanyar da ta bi daga Marwa har ta zama marubuciyar labarai

Djaïli Amadou Amal marubuciyar ƙagaggun labarai ce daga arewacin Kamaru, wadda ke rubutu da harshen Faransanci. An haife ta a shekarar 1975 a Marwa, babban birnin yankin Arewa Mai Nisa. Sunanta ya karaɗe duniya a ranar 2 ga watan Disamban 2020, lokacin da ɗaliban sakandare na Faransa suka zaɓi littafinta mai suna Les Impatientes a matsayin wanda ya lashe kyautar Goncourt ta ɗalibai. A lokacin tana da shekara 45 a duniya, kuma shekara goma ke nan da fitowar littafinta na farko.

A cikin waɗannan shekaru goma ta fitar da littattafai uku, dukkansu a ƙananan kamfanonin ɗab'i na Yawunde, kafin wani kamfani na birnin Paris ya waiwaye ta. Takardar shaidar karatunta ta harkar tafiyar da kasuwanci ce, ba ta adabi ba, kuma sai da ta kai shekara 35 sannan aka fara buga aikinta. Tarihinta ya zama abin misali ga masu son shiga sana'ar rubutun labari a yankin Sahel, domin ya ƙunshi kusan dukan matakan da marubucin wannan yanki yake bi: samun littafin karantawa, samun wurin zama a yi rubutu, zaɓen harshe, samun mai bugawa, da kuma samun hanyar da littafi zai tsallaka iyaka.

Marwa da ƙuruciyarta

Mahaifinta Bafulatani ne ɗan Kamaru, mahaifiyarta kuma 'yar ƙasar Masar ce. Ta tashi a Marwa, garin da Fulatanci ne harshen kasuwa da na unguwa, inda Fulani ke zaune tare da Hausawa, Barebari, Larabawan Shuwa da ƙabilu irin su Giziga, Mofu da Mafa. Faransanci kuwa harshen aji ne da na ofis, kuma da shi ta fara karanta littattafan labari. Ta sha faɗa a hirarrakinta cewa littafi abu ne mai wuyar samu a Marwa ta wancan lokaci, har takan saci jiki ta je ɗakin karatun mishan na Katolika don ta sami abin karantawa. Burinta a lokacin shi ne ta zama 'yar jarida.

Yarinyar da ta tashi a arewacin Kamaru a shekarun 1980 ba ta da wani marubucin garinsu da za ta ɗauka a matsayin madubi. Manyan marubutan ƙasar da ake karantawa a makarantu 'yan kudu ne. Ferdinand Oyono da Mongo Beti, alal misali, sun yi fice ne da littattafan da aka buga musu a Paris a shekarar 1956. Kamfanonin ɗab'i na cikin gida ma a kudu suke, ciki har da Éditions CLE da aka kafa a Yawunde a 1963. Tsakanin Marwa da Yawunde akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000, kuma mai tafiya ta ƙasa yakan bi mota zuwa Ngaundere kafin ya hau jirgin ƙasa. Wannan nisa yana daga cikin dalilan da suka sa rayuwar gidajen Musulmin arewa ta daɗe ba ta fito sosai a adabin Kamaru na Faransanci ba.

Aure biyu da komawa Yawunde

Tana da shekara 17 aka aurar da ita, ba da son ranta ba, ga wani attajiri da ya haura shekara hamsin. Ta yi shekara biyar a gidansa kafin ta samu ta fita a 1998. Ta sake yin aure, ta shiga gidan da ke da kishiya, kuma bisa ga labarin da ta bayar ta sha duka da wulaƙanci a wannan aure na biyu. Bayan kimanin shekara goma ta bar gidan ta koma Yawunde. Ta ce a lokacin rabuwar an raba ta da 'ya'yanta mata biyu don a huce haushi a kanta.

Tun tana gidan aure ta fara zuba damuwarta a takarda, ba da niyyar bugawa ba. Sai a Yawunde ne rubutun ya koma aiki. Ta sami aikin albashi da takardar shaidarta ta BTS, wadda ake samu bayan shekara biyu da kammala sakandare a tsarin karatun Faransanci. Daga nan ta sayar da gwala-gwalanta, ta sayi kwamfuta da tebur da kujera, ta zauna rubutu.

Duk wanda ya san gidan Bafulatani ko na Bahaushe ya san matsayin zinare a hannun mace. Shi ne ajiyarta ta ranar buƙata, shi take ɗagawa idan ciwo ya zo, ko aure ya mutu, ko za ta aurar da 'ya. Wannan jari ne ta zuba a sana'ar da ba ta da tabbacin za ta mayar mata da ko sisi. Aikin albashin kuma shi ya riƙe ta a shekarun farko, kamar yadda ya riƙe yawancin marubutan Afirka, waɗanda galibinsu malaman makaranta ne, ko 'yan jarida, ko ma'aikatan gwamnati.

Littafin farko

A shekarar 2010 kamfanin Ifrikiya na Yawunde ya buga littafinta na farko, Walaande, l'art de partager un mari. Kalmar walaande ta Fulatanci ce, kuma tana nufin abin da Hausawa ke kira kwana ko ranar girki, wato lokacin da miji ke ɗakin ɗaya daga cikin matansa. Sauran sunan yana nufin dabarar yin tarayya a kan miji ɗaya. Labarin wasu mata huɗu ne da ke auren wani attajiri a Marwa, kowacce da yadda ta shigo gidan da kuma abin da take jira daga gare shi.

Littafin ya karɓu a Kamaru saboda ya buɗe ƙofar da masu karatu na kudu ba su taɓa leƙawa ba, su kuma 'yan arewa suka ga gidajensu a takarda. Ya sami lambar yabo daga gidauniyar Prince Claus ta ƙasar Holan, abin da ya ba da damar fassara shi zuwa Larabci. Masu nazarin adabi sun riƙa kwatanta marubuciyar da Mariama Bâ ta Senegal, wadda ita ma a Dakar aka fara buga littafinta Une si longue lettre a 1979, a kan wata mata da aka yi wa kishiya bayan doguwar zama, kafin ya ci kyautar Noma a 1980.

Ƙaramin kamfanin ɗab'i a Afirka yana da amfani, yana kuma da iyaka. Yana karɓar sabon marubucin da ba a san shi ba, yana gyara rubutun, yana sa masa lambar rajista ta ƙasa da ƙasa, yana kuma sayar da shi a farashin da mutanen ƙasar za su iya saye. Amma adadin kwafin da yake bugawa kaɗan ne, kuma ba shi da ƙarfin kai littafi shagunan wasu ƙasashe. Sau da yawa marubucin ne da kansa yake ɗaukar littattafansa zuwa makarantu da tarukan baje koli.

Shekarun da ba a cika ambata ba

Bayan Walaande ba ta tsaya ba. A 2012 ta kafa ƙungiyar Femmes du Sahel, wato Matan Sahel, wadda ke tallafa wa karatun 'ya'ya mata da samar da littattafai a arewacin Kamaru. A 2013 Ifrikiya ya sake buga mata Mistiriijo, la mangeuse d'âmes, labarin wata tsohuwa da aka zarga da maita, aka ce ta kama kurwar wani yaro. Zargin maita a kan tsofaffin matan da ba su da gata abu ne sananne a garuruwan Sahel, kuma littafin ya bi rayuwar matar tun daga ƙuruciya don ya nuna yadda ta wayi gari ba mai tsaya mata.

Littafi na uku, Munyal, les larmes de la patience, ya fito a 2017 daga kamfanin Proximité, shi ma na Yawunde. Munyal shi ne haƙuri, kuma yana cikin ginshiƙan pulaaku, wato ɗabi'un da Bafulatani ke alfahari da su, tare da kunya da hankali. Sunan littafin yana nufin hawayen haƙuri. Mata uku ne ke ba da labarin, kowacce da bakinta. Ramla ɗaliba ce mai shekara 17 da ke son zama mai haɗa magunguna, tana da saurayin da take so, amma aka ba da ita ga Alhaji Issa, attajiri mai shekara hamsin. Hindou, 'yar'uwarta da suke uba ɗaya, an haɗa ta auren zumunci da Moubarak, mashayi mai duka. Safira kuma ita ce uwargidan Alhaji Issa, wadda ta yi shekara ashirin ita kaɗai a gidan kafin a kawo mata Ramla. Dukansu uku nasiha ɗaya suke ji daga iyaye da gwaggwanni, ita ce a yi haƙuri.

Mai karatu Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Ita ce nasihar da ake yi wa amarya ranar kai ta ɗakin miji, a ce mata zaman aure sai haƙuri, yi na yi bari na bari. Marubuciyar ba ta musanta darajar haƙuri ba. Abin da ta bibiya shi ne yadda kalmar ke komawa hanyar rufe bakin wadda ake zalunta. Ta kuma ba uwargida bakin magana daidai da amarya, ta yadda mai karatu zai ga makircin Safira ya kuma ga tsoron da ya haife shi. Wasu daga cikin mutanen yankinta sun soke ta da cewa ta tona asirin gida a gaban baƙi. Amsar da take bayarwa ita ce, ita Musulma ce kuma Bafulatana, kuma abin da take yaƙi da shi shi ne auren dole da duka da cakuɗa al'ada da addini.

Kyautar Orange da ƙofar Paris

A shekarar 2019 Munyal ya ci kyautar Orange ta littafin Afirka, a karon farko da aka bayar da ita. An yi bikin a Yawunde, kuma marubuciya Véronique Tadjo ta Kodebuwa ce ta shugabanci alƙalan. Sharaɗin kyautar a lokacin shi ne littafin ya zama ƙagaggen labari da Faransanci, marubucinsa ɗan Afirka, kuma kamfanin da ya buga shi yana zaune a Afirka. Kuɗinta a lokacin Yuro 10,000 ne, wato kimanin sefa miliyan 6 da rabi. Da a ce an fara buga Munyal a Faransa, da bai cancanci shiga gasar ba.

Wannan nasara ce ta kai littafin hannun Emmanuelle Collas, mai wani ƙaramin kamfanin ɗab'i mai zaman kansa a Paris. Ba a sake buga shi yadda yake ba. Marubuciyar da mai kamfanin sun zauna sun sake aikin rubutun domin mai karatun da bai san Marwa ba ya iya bin labarin, aka kuma sauya masa suna zuwa Les Impatientes, wato matan da haƙurinsu ya ƙare. Ya fito a watan Satumban 2020. Sauyin sunan ya nuna abin da ke faruwa idan littafi ya tsallaka teku: sunan farko kalmar gida ce da ke ɗauke da nauyin al'ada, na biyu kuma an zaɓe shi ne don ya ja hankalin mai saye a shagon littattafai na Faransa.

Ba ita ce ta fara isa Paris ta bayan gida ba. Ahmadou Kourouma na Kodebuwa ya sha ƙin karɓa daga kamfanonin Paris kafin a buga masa Les Soleils des indépendances a Montreal ta ƙasar Kanada a 1968, sannan kamfanin Seuil ya karɓe shi a 1970. Kamfanonin Paris sun fi saurin karɓar littafin da ya riga ya nuna ƙarfinsa a wani wuri.

Goncourt

Kyautar Goncourt, wadda aka fara bayarwa a 1903, ita ce mafi girma a adabin Faransanci. Kuɗinta Yuro 10 ne kacal, amfaninta kuwa yana cikin cinikin da take jawo wa littafi. A 2020 Les Impatientes ya tsallake zagaye bayan zagaye har ya shiga cikin littattafai huɗu na ƙarshe. An jinkirta sanar da sakamakon zuwa 30 ga Nuwamba saboda an rufe shagunan littattafai a lokacin annobar korona, kuma Hervé Le Tellier ne ya yi nasara da littafinsa L'Anomalie.

Bayan kwana biyu aka sanar da kyautar Goncourt ta ɗalibai. An ƙirƙiro ta a 1988, kuma ɗaliban sakandare kusan 2,000 ne ke karanta littattafan da aka zaɓa don babbar Goncourt, su yi muhawara a ajujuwansu, sannan wakilansu su kaɗa ƙuri'a. Su ne suka zaɓi labarin Ramla da Hindou da Safira. Kafin Djaïli, Ahmadou Kourouma ya ci wannan kyauta a shekarar 2000, sai kuma Léonora Miano 'yar Kamaru a 2006.

Daga nan aka fassara littafin zuwa harsuna da dama, ciki har da Italiyanci da Jamusanci, da kuma Ingilishi a 2022 ƙarƙashin sunan The Impatient, fassarar Emma Ramadan. A watan Maris na 2021 asusun UNICEF ya naɗa marubuciyar jakadiyarsa a Kamaru. A 2022 ta fitar da Cœur du Sahel, labarin Faydé, yarinyar ƙauyen kan duwatsu da ta sauko Marwa aikatau a lokacin da fari da hare-haren Boko Haram suka ɗaiɗaita ƙauyuka. A 2024 ta fitar da Le Harem du roi, labarin wani likita a Yawunde da aka kira ya gaji sarautar lamiɗo, da abin da hakan ya jawo wa aurensa. Kamfanin Emmanuelle Collas ne ya buga su duka biyun.

Wata hanyar daban: Kano

A ɗaya gefen iyaka akwai marubuciyar da rayuwarta ta yi kama da ta Djaïli, amma ta bi wata hanyar. Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed, an cire ta daga firamare aka yi mata aure tana da shekara 13. Bayan mutuwar auren ta koma karatu ta makarantar yaƙi da jahilci a Kano. Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? suka biyo baya a 1990. Jigoginta su ne auren dole, kishi, saki da ilimin mata.

Da Hausa ta yi rubutunta, kuma ba ta jira wani babban kamfani ba. A Kano ta ƙarshen shekarun 1980 marubuta sun riƙa biyan kuɗin ɗab'i daga aljihunsu, su kai littafin wurin dillalan kasuwa, su raba labari kashi biyu ko uku domin cinikin na ɗaya ya biya bugun na biyu. Sun kafa ƙungiyoyi don taimakon juna, irin su Raina Kama, wadda Balaraba ke ciki tare da Ado Ahmad Gidan Dabino, marubucin In Da So Da Ƙauna. Gidajen rediyo sun riƙa karanta littattafan, 'yan kasuwa kuma suka tsallaka da su Maraɗi da Damagaram da sauran garuruwan da Hausawa ke zaune. An mayar da Alhaki Kuykuyo Ne fim a 1998, kuma a 2012 kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga fassararsa ta Ingilishi wadda Aliyu Kamal ya yi.

Idan aka jera hanyoyin biyu, kowacce da ribarta da asararta. Mai rubutu da Hausa yana isa kai tsaye ga matan da yake magana a kansu, har da waɗanda ba su yi boko mai zurfi ba, amma littafinsa ba ya samun gyaran ƙwararren edita sosai, satar fasaha tana cin ribarsa, kuma manyan kyaututtukan duniya ba sa ganinsa sai an fassara shi. Littafin Balaraba ya yi shekara 22 kafin ya fito da Ingilishi. Mai rubutu da Faransanci kuma yana da hanyar gasa da fassara da kasuwar Turai, amma da yawa daga cikin matan da Djaïli ta rubuta labarinsu ba za su iya karanta shi ba. Ga kuma farashi: sabon littafin labari a Faransa yakan kai kusan Yuro 20, wato kimanin sefa 13,000, kuɗin da ya fi ƙarfin yawancin ɗaliban Marwa ko Injamena. Kason marubuci daga wannan farashi yawanci kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari ne.

Saboda matsalar farashi ne wasu marubuta ke barin haƙƙin bugawa na Afirka a hannun kamfanin gida, ko a yi bugun haɗin gwiwa. Littafin Mohamed Mbougar Sarr na Senegal da ya ci babbar Goncourt a 2021, kamfanin Philippe Rey na Paris da kamfanin Jimsaan na Dakar ne suka buga shi tare.

Gasa a matsayin ƙofa

Rawar da gasa ta taka a tarihin Djaïli ba baƙon abu ba ne a adabin Hausa. Ƙagaggen labarin Hausa na boko da gasa ya fara. A 1933 hukumar fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta nemi malamai su rubuta labarai, kuma daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Abubakar Imam malamin makaranta ne a Katsina a lokacin. Gasar ce ta kai shi ga rubuta Magana Jari Ce, sannan ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A wannan zamani, sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labarai ta mata a 2016, kuma ta fito da sababbin marubuta da dama.

Gasa tana ba marubuci abu uku: wa'adin da zai tilasta masa kammala aiki, alƙalan da ba su san shi ba balle su yi masa kara, da kuma sunan da zai shiga da shi wurin mai bugawa. Amma tana samun wanda ya riga ya yi aiki ne. Lokacin da aka buɗe kyautar Orange, Djaïli tana da littattafai uku a kasuwa.

Matsayin Hausawan ƙetare

Ga Bahaushen Garwa, Injamena, Kumasi ko Gadarif, tambayar harshe ta fi tsanani. Yana jin Hausa a gida da kasuwa, amma makaranta ta koya masa rubutu da Faransanci ne, ko Ingilishi, ko Larabci. Da yawa ba su taɓa zama a ajin da ake koyar da ƙa'idojin rubutun Hausa ba. Waɗanda suka yi fice daga irin waɗannan al'ummomi galibi da harshen makaranta suka rubuta rayuwar unguwarsu. Mohammed Naseehu Ali, wanda aka haifa a Kumasi, ya fitar da tarin gajerun labaransa The Prophet of Zongo Street da Ingilishi a Amurka a 2005, kuma zango ne dandalin yawancinsu. A Nijar ma, Abdoulaye Mamani da Faransanci ya rubuta Sarraounia, labarin Sarauniyar Lugu da ta yi tsayayya da sojojin Faransa a 1899. An buga shi a Paris a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987.

Wayar hannu ta rage wannan nisa. A yau marubutan Hausa da yawa suna sakin labari shafi-shafi a zaurukan WhatsApp da manhajoji irin su Wattpad, masu karatu su biya ta waya kafin a ba su ci gaba, wasu kuma su saurari labarin a YouTube. Mai rubutu daga Kamaru ko Chadi yana iya samun masu karatu a Kano ba tare da ya buga ko kwafi ɗaya ba. Matsalolin da suka rage su ne na biyan kuɗi tsakanin sefa da naira, da masu yaɗa labarin da aka saya kyauta, da kuma rashin editan da zai ce wa marubuci wannan babin bai yi ba.

Wannan mataki na ƙarshe shi ne wanda tarihin Djaïli Amadou Amal ya fi fitowa da shi fili. Labarin da ya ci kyauta a Faransa a 2020 ya riga ya bi ta hannun editan Yawunde a 2017, da alƙalan gasa a 2019, sannan ta yarda ta sake zama a kansa da wata editar a Paris. Tsakanin ranar da ta sayar da zinarenta da ranar da ɗaliban Faransa suka kira sunanta akwai fiye da shekara goma, da littattafai uku, da labari ɗaya da aka rubuta sau biyu.